Ragowar Aidin

Ni ce na kori mahaifina daga rumfar tatsa. Gara in faɗa tun da wuri, kar a ji daga baya a ce na ɓoye. Ban zage shi ba, Allah ya tsare ni, ban ma ɗaga murya can-can ba. Kujerarsa kawai na ɗauke, 'yar guntuwar nan mai ƙafa uku da ya fi shekara arba'in yana zama a kanta, na rataye ta a ƙusa can sama inda hannunsa ba ya kaiwa.

Shanunmu shida ne. Ba wani garken a zo a gani ba ne, amma su ne cinmu su ne shanmu. Rumfar kwano ce a bayan gida, an daɓe ƙasanta da siminti, ga komin dusa a jikin bango, ga magudanar ruwa a tsakiya. Uku na ɓangaren Baba, uku na ɓangarena. Safe da yamma muke tatsa. Yayana bakanike ne, shi ke biyowa da babur ya kai madarar inda ake tattarawa kafin ya wuce gareji.

Ni shekara goma sha huɗu na yi ina girki a kicin ɗin wata makarantar kwana. Sai da Inna ta rasu na ajiye aikin na dawo gida, don ba a barin tsoho shi kaɗai da shanu shida. A kicin ɗin nan na koyi abin da nake taƙama da shi, wato ba na zubar da komai. Man suya in ya huce sai in tace shi da ƙyalle in mai da shi jarka. Abin da wata za ta ƙarar a sati, ni sai in kai shi wata. Har abokan aiki suka sa min suna Mataci, ni kuwa ko a jikina, daɗi ma nake ji.

Baba bai taɓa kirana da wannan sunan ba. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Tsoho ne dogo, marar yawan magana da mutane, amma in ka ji shi da shanu sai ka rantse gidan cike yake da baƙi. Hannuwansa ne matsala. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura sun karkace, da safe ko maɓallin riga ba ya iya ɓallewa, sai na zo na taimaka masa. Amma da zarar ya zauna ya ɗora su a kan hantsa mai ɗumi, sai ka ga yatsun sun saki a hankali, madara ta fara sauka a bokiti tsirr, tsirr, ba gaggawa ba tsayawa.

"Nan ne asibitina," haka yake cewa. "Ranar da na daina zuwa, kin ga waɗannan? Itace za su koma."

Na sha jin maganar nan har ta daina shiga kunnena.

A cikin shanunsa uku akwai wata ja mai farin goshi da ya sa wa suna Gwaggo, wai harararta irin ta marigayiya yayarsa ce. Gaskiya kuwa akwai kama. In ka makara da dusa, kallon da za ta yi maka sai ka ji kamar ka ba da haƙuri. Ita ce ta fi kowacce madara, ita ce kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ta in ba Baba ba.

Farkon damina ciwon hantsa ya shiga unguwarmu. Maƙwabcinmu ya rasa saniya sukutum. Sai likitar dabbobi ta fara zagayawa gida-gida. Wata gajeriyar mata ce mai takalmin roba har gwiwa, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Ta shigo rumfarmu da jarkar wani ruwa mai launin shayi da ƙananan kofuna biyu.

"Aidin ne," ta ce. "In kun gama tatsa, ƙofar kan nonon ba ta rufewa nan take, sai ta yi kamar rabin awa a buɗe. Ta nan cutar take shiga. Kuna cire hannu ku tsoma kowane kan nono a cikin wannan, ya nutse sosai, ba ku ɗan taɓa bakinsa ba. Huɗun duka, safe da yamma. Kar a goge, a bar shi ya bushe. Abin da ya rage a kofi a zubar, a wanke kofin."

Na ji wannan ta ƙarshen. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, da kunnena na ji. Amma a raina na ce, ai dama haka masu kawo kaya suke faɗa don ya ƙare da wuri. Maganin da aikinsa kashe ƙwayar cuta ne, ta ina zai yi datti? Na gyaɗa kai kawai na ce to.

Na zaci da Baba za a yi daga. Ina! Shi ya fi ni murna. Ya juya kofin, ya sunsuna, ya ce, "Da an kawo mana wannan tun da, da shanu nawa suka tsira." Tun daga ranar, in ya gama tatse saniya sai ka ji yana cewa, "To tsaya mana, a yi miki kwalliya." Hannunsa na rawa, aidin na ɗiga a gwiwar wandonsa, amma sai ya tsoma huɗun.

Rigimarmu a kan ragowar ta fara. Ni in na gama da nawa ukun, sai in ɗora wani farin ƙyalle a bakin mazurari, in tace abin da ya rage, in mai da shi jarka, in rataye ƙyallen a ƙusa don gobe. Baba kuwa yana gamawa sai ya kifar da nasa a magudana. Rabin kofi guda! Ranar farko na haɗiye. Rana ta uku na kasa.

"Haba Baba! Wannan ai almubazzaranci ne."

"Likita ce ta ce a zubar."

"Likita ce ke sayo mana wani in ya ƙare?"

Ya dube ni yana ɗauraye kofin. "Uwata, kin taɓa ganin na wanke hannu na mai da ruwan cikin randa?"

"Ruwa daban, magani daban. Kawo kofin nan, daga yau ni zan riƙa kula da shi."

Bai ja ba. Baba ba ya jan magana da ni. Daga ranar, in ya gama sai ya ajiye kofin a kan dakali, in zo in haɗa da nawa in tace. Ina kallon jarkar nan ba ta raguwa, ina jin kaina wata gwana.

Akwai kuma wani halinsa da ke ƙona min rai. Ni nawa shanun kafin tatsa nake zuba musu dusa, su ci in tatse, in gama in fice, ga wanki ga girki suna jirana. Shi kuwa sai ya gama tatsa sannan zai fara rabon dusa, da ɗan kwano, kaɗan-kaɗan, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin duniya. Har nawa yake zagayowa ya ƙara musu. Sai ya yi rabin awa a haka, shanu na tsaye suna lasar komi suna jiran ƙari. Ina kallonsa ta tagar kicin ina tsaki, ina cewa tsufa dai bai yi ba.

Wata uku muka yi lafiya lau. A na huɗu, wata safiya, Baba ya kira ni.

"Zo ki ga."

Baƙar saniyarsa ce. Ya tatso kaɗan a tafin hannunsa, sai ga gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke a wuta. Na taɓa hantsar, ɓangare ɗaya ya yi tauri, ga zafi. Aka kira Likita, ta ba da maganin matsawa a kan nono, ta ce a riƙa tatse ta a ƙarshe, madararta kuma a zubar har sai maganin ya fita daga jikinta. Ta tambaya, "Kuna tsomawa?" Na ce safe da yamma, ba fashi.

Kwana goma tsakani, ta biyun Baba ta kamu. A satin nan Yaya ya dawo da gwangwanin madara cike, ya dire shi a ƙofar rumfa.

"Sun ƙi karɓa," ya ce. "Sun gwada, sun ce akwai ciwo a ciki. Sun ce in aka ƙara, mu nemi wani wurin."

Na tsaya ina kallon gwangwanin. Biyu sun kamu, duka na ɓangaren Baba. Nawa ukun garau. Ban tsaya na tuna cewa nasa su ne tsofaffi ba, waɗanda nonuwansu suka saki. Abin da idona ya gani shi ne hannunsa mai rawa, da faso a yatsunsa, da aidin ɗin da ke zuba a wando maimakon a kan nono. Na ja Yaya gefe na zayyana masa.

"Ke kika sani," ya ce yana murza makullin babur. "Ni injin na iya. Amma ki bi a hankali, kin san bakinki."

Na san bakina, amma ban bi a hankali ba. Da yamma Baba ya shigo da bokitinsa, ya duba inda kujerar take zama, babu. Ya ɗaga kai ya gan ta a ƙusa.

"Baba, ka huta haka," na ce. "Ni zan riƙa tatse su duka."

"Na ce miki na gaji?"

"Ba ka ce ba. Amma dubi hannunka. Ba ka iya riƙe kofin daidai, rabi a ƙasa yake zuba. Ga fason nan, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Duk waɗanda suka kamu naka ne. So kake sai sun ƙare?"

Ya ɗaga hannuwan ya dube su, gaba da baya, kamar yau aka ba shi su. Ya daɗe a haka.

"Ni ne na sa musu?" ya tambaya. Ba gardama yake ba, tambaya yake yi da gaske.

"To wa?" na ce.

Kalma biyu. Da na sha ruwa na haɗiye su. Ya ajiye bokitin a hankali, ya shafa goshin Gwaggo, ya fita. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ba ta son a fara da na baya." Shi ke nan abin da ya ce.

Sati bakwai Baba bai taka rumfar nan ba. Sai ya fito da tabarma ya zauna a inuwar bangon ɗakinsa, inda yake jiyo ƙarar bokiti amma ba ya ganin komai. Hannuwan suna kan cinyarsa. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Ya daina ce min Uwata. Bai canza min wani suna ba, kawai dai in zai yi magana sai ya jira in dube shi. Abin ya dame ni, wallahi ya dame ni, amma na ce ai don shanun nake yi, in suka warke zai gane.

Ni kuwa na duƙufa. Na wanke rumfa da omo, na tafasa tsummokara, na yanke farce har sai da naman ya fito. Shida nake tatsewa ni kaɗai, bayana kamar zai ɓalle. Dusa duka kafin tatsa nake zubawa don a yi a gama. Ina tsoma ta ƙarshe sai in tace ragowar in fice, su kuwa da ba abin da ya rage a komi, sai su zube a kan siminti su hau tuƙa. Gwaggo ta yi sati tana harbina tana riƙe madara, daga baya ta haƙura ta saki, amma ba ta daina hararata ba.

A sati na huɗu ɗaya daga cikin nawa ta kamu. Na ce ai tun a hannun Baba cutar ta bazu. A sati na shida wata ta bi. Nan na fara tsorata, amma ban gaya wa kowa ba.

Sai Gwaggo. Wata safiya na shigo na tarar da ita tsaye ta sunkuyar da kai, ba ta ko kalli dusa ba. Hantsar ta baya ta hagu ta kumbura ta yi jawur, tana sheƙi. Na taɓa, ta zabura ta kusa tsinka igiya. Abin da ya fito ba madara ba ne, wani ruwa ne rawaya mai jini-jini, ga wari. Na saki bokitin na kira Likita.

Ta zo da rana, ta auna zafin jikinta, ta yi mata allura biyu, ta tatse ɓangaren tana cije leɓe. Ta miƙe ta goge hannu.

"Biyar cikin shida," ta ce. "A gidan da ake tsomawa safe da yamma. Wani abu ba daidai ba ne. Zan zauna in ga tatsar yamma. Ki yi yadda kika saba, ki manta ina nan."

Ta kifa bokiti ta zauna a lungu. Na ɗaura zani na fara. Na wanke hannu, na goge kowace saniya da tsummanta, na tatse masu lafiya kafin marasa lafiya, na tsoma kowane nono har tushe. A raina ina cewa, to ki kalla da kyau, ki ga ko akwai inda za ki kama ni. Na gama, na ɗauko mazurari, na sauko da ƙyallena daga ƙusa, na shimfiɗa, na ɗaga kofin.

"Tsaya."

Na tsaya da kofin a sama.

"Me za ki yi?"

"Tacewa zan yi in mayar. Tsaf yake komawa, ko gashi ɗaya ba ya wucewa."

Ta taso a hankali. "Yaushe aka buɗe jarkar nan?"

"Ita ce wadda kika kawo," na ce, har da ɗan murmushina. "Wata shida ke nan, kuma kin ga da saura."

Ta rufe ido. Ta ce in kawo farin kwano. Ta tsiyaya na jarkata a ciki, ta ciro wata 'yar kwalba daga jakarta ta zuba a murfi ta ajiye kusa da shi. Nata baƙi-baƙi ne, ƙaurinsa har hanci. Nawa ya koɗe ya yi fari-fari, kamar shayin da aka cika wa madara. Ta karkata jarkar ta nuna min gindinta, ga wani kauri ya kwanta. Ta ɗauki ƙyallena da yatsa biyu. Ya yi tauri, yana tsami. Ni da nake riƙe shi kullum ban taɓa jin tsamin ba sai a lokacin.

"Baiwar Allah, duk nonon da kika tsoma yana barin madara da datti a kofin," ta ce. "Su suke kashe ƙarfin maganin. Ƙyalle gashi yake tarewa, ba ya tare ƙwayar cuta. Kin ɗebo daga mai ciwo kin zuba a jarka, gobe kin ɗebo kin tsoma wa mai lafiya, daidai lokacin da ƙofar take buɗe. Da hannunki kike raba musu, safe da yamma. Ban ce a zubar ba?"

"Kin ce."

"To me ya sa?"

Me zan ce mata? In ce a kicin ana yabona? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta juya ta nuna shanun, huɗu har sun kwanta, nonuwan da na tsoma yanzun nan suna kan jiƙaƙƙen siminti.

"Wannan kuma fa? Da can in na wuce da yamma ina ganinsu tsaye. Ina tsohon da ke ba su dusa bayan tatsa? Shi ne ke riƙe su a tsaye har ƙofar ta rufe. Na zaci ma ni na koya masa, ashe shi ya sani tun kafin a haife ni. Ba shi da lafiya ne?"

"Yana ciki," na ce.

Ta dube ni, ta ɗaga kai ta ga kujerar a ƙusa, ta sake dubana. Ta kwashe jarkar da ƙyallen ta ce za ta zubar da kanta, ta bar min sabuwa. A bakin ƙofa ta ce Gwaggo za ta rayu in Allah ya so, amma wancan nonon ya tafi, ba zai ƙara ba da madara ba.

Na daɗe tsaye a rumfar. Daga baya na taka bokiti na sauko da kujerar. Ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin ƙafafun. Na goge ta da bakin zanina na nufi inda Baba yake zaune. Na durƙusa, na ajiye ta a gabansa.

"Baba, ni ce. Ba kai ba ne. Ragowar da nake mayarwa ce. Ka yafe min."

Na zaci zai ce ai na gaya miki. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Ya kalli kujerar kawai.

"Ba hannuna ba ne?"

"Ba hannunka ba ne, Baba."

Ya sauke wani dogon numfashi. Sai a lokacin na gane sati bakwai ɗin nan ba fushi yake yi da ni ba. Zaune yake yana ɗauke da shanu biyar a wuyansa, yana kallon hannuwansa yana tsanar su. Kuka ya ƙwace min.

"Gwaggo fa?" ya ce.

"Za ta tashi. Amma nono ɗaya ya mutu."

"Wanne?"

"Na baya, na hagu."

Ya gyaɗa kai. "Dama shi ne mai saurin fushi."

Sai da aka yi kwana tara sannan Gwaggo ta dawo cin dusa sosai, kumburin ya saɓe. Duk kwanakin nan Baba yana shigowa ya tsaya a kanta, yana ba su dusa da ɗan kwanonsa, amma bai zauna ba. A rana ta goma da safe ya ce in ɓalle masa maɓalli, in kawo bokiti. Yaya ma ya kashe babur ya tsaya a bakin rumfa yana washe baki.

"Yau mai gida ya dawo ofis," ya ce.

Baba ya zauna a kujerarsa. Gwaggo ta waiwayo ta sunsuni hularsa, ta yi wani ƙaramin kuka, ta gyara tsayuwa ta buɗe ƙafa. Tun kafin ya taɓa ta madara ta fara ɗiga da kanta. Ya jingina goshinsa a cikinta yadda ya saba, ya ɗora hannuwan a kan hantsar, ya jira ɗumin ya shige su.

Muka jira tare da shi. Na ga ya kama na gaba. Yatsun suka lanƙwasa rabi suka tsaya. Ya saki, ya hura musu iska, ya murza su a cinya, ya sake kamawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa. Ɗigo uku suka faɗa bokitin, ina jin ƙarar kowanne. Ya sake gwadawa da ɗaya hannun. Gwaggo na tsaye ko motsi ba ta yi, ita da take harbi in an ɓata mata lokaci.

Yaya ya daina murmushi. Ya juya ya fita, na ji ya tura babur ɗin har waje bai tayar ba.

"Baba, a kawo ruwan ɗumi ka gasa su," na ce. "Gobe za su saki. In sayo man zafi."

"Na gasa," ya ce. "Kwana tara ina gasawa."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya matsa gefe, ya nuna min kujerar.

"Zauna, Uwata. Kar ta gaji da jira. Ki fara da na gaba."

Sunan da na fi sati takwas ina jiran ji, ga shi ya zo, kuma da na san haka zai zo da ban roƙa ba. Na zauna a kujerar, da sauran ɗuminsa a jikinta. Na sa goshina inda nasa ya tashi. Na tatsi nono uku, ba na ganin bokitin saboda hawaye, da kunne nake gane madara na shiga.

Da na gama ya ce, "Miƙo kofin."

Na tsiyayo daga sabuwar jarka na ba shi. Da hannu biyu ya karɓa, ya matse shi tsakanin tafukansa tunda yatsun ba sa riƙewa. Ya durƙusa da ƙyar.

"To tsaya mana, a yi miki kwalliya," ya ce mata.

Ya tsoma na farko, ya tsoma na biyu, ya tsoma na uku. Ya matsa ya tsoma na huɗun ma, wanda ya yamutse ya mutu, ya nutsar da shi har tushe kamar sauran. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa magudana, ya kifar da abin da ya rage. Ya fi rabin kofi. Na tsaya ina kallon aidin ɗin yana bin siminti yana gangarawa.

Ya miƙo min kofin.

"Wanke min," ya ce. "Ni ba zan iya ba."